Hannun Hagun Baban Sauro

A can ƙarshen barandar sashen nazarin ƙwari, in ka wuce ofishin shugaba da ɗakin shan shayi da famfon nan da ba ya rufuwa, akwai wata ƙofa mai labulen raga biyu. In ka ɗaga na farko sai ka tsaya ka sake shi kafin ka ɗaga na biyu, don kada na ciki su fita. Na cikin kuwa sauro ne. Jami'a ce ke kiwonsu da gangan, kamar yadda wasu ke kiwon kaji.

Ɗakin da ɗumi da laima, ko da rana fitila a kunne take. A ƙasa kwanonin roba ne a jere da ruwa, tsutsotsin sauro na ta wutsil-wutsil a ciki suna cin garin abincin kifi. A kan kanta kuma akwatunan raga ne, kowanne an ɗinka masa hannun riga a gefe an ɗaure bakin. Ta nan ake zura audugar da aka jiƙa da ruwan sukari. Mazan sauro wannan ya ishe su. Matan kuwa ba sa yin ƙwai sai sun sha jini, to a nan aikin Baban Sauro yake.

Dattijo ne siriri, marar yawan magana, mai tafiya a hankali kamar yana tsoron tayar da wani daga barci. Kullum da safe yakan jingine kekensa a jikin taga, ya wanke hannun hagu da ruwa zalla, ya ja kujera 'yar tsugune ya zauna, ya kwance bakin hannun rigar ya zura hannunsa ciki har gwiwa. Sai ka ga sun taso daga jikin raga sun rufe shi baƙi ƙirin. Yakan kunna rediyo ƙasa-ƙasa ya jira har cikkunansu su yi jajawur, sannan ya girgiza hannun a hankali ya zare. A ɗakin aka haife su, su da kakanninsu, ba su ɗauke da wata cuta. Ƙaiƙayi ma ya daɗe da daina ji. In yana maganarsu ba ya cewa sauro, sai dai ya ce mutanena.

Asali shara aka ɗauke shi. A lokacin zomaye ake aske wa ciki a ɗora a kan ragar. Sai aka kafa kwamitin kare haƙƙin dabbobi, ya zauna ya ce wannan zalunci ne, a daina. Aka yi odar wata na'ura mai ɗumama jini, ta iso a kwali mai kyau, amma babu wayarta. Sauro suka kwana biyu da yunwa, suka fara zubewa a ƙasan akwati. Farfesa, shugaban sashen na yanzu, wanda a lokacin ƙaramin malami ne da sauran gashi a kansa, ya fito baranda hankali a tashe, ya ga mutum riƙe da tsintsiya.

"Bawan Allah, ara mana hannunka, na yau kawai."

Yau ɗin nan ta haura shekara ashirin. Kwamiti ya sake zama ya duba dokokinsa daga farko har ƙarshe, bai ga inda aka ambaci mai shara ba, sai ya ce babu laifi. Wayar na'urar ma ta iso daga baya, amma kafin nan an ɗora tukunyar shayi a kan na'urar an saba, ba wanda ya so ya ta da maganar.

Tun daga ranar hannun hagun ya zama na sashe. Farfesa ya hana shi sabulu mai ƙamshi, ya hana shi turare da tafarnuwa, ya ce duk suna canza ɗanɗanon fata, sakamakon bincike kuma sai ya rikice. Baba ya riƙe wannan da gaske. Ranar da wani kare ya gitta masa yana kan keke, a cikin faɗuwar sai da ya juya ya faɗi ta dama. Da babbar 'yarsa ta haihu a wani gari, da akwati ɗaya ya shiga mota, lulluɓe da tawul a kan cinyarsa, fasinjoji suna ta tambaya ko tsuntsu ne. Matarsa, wadda kowa a layinsu ke kira Iya, takan ce ita rabin miji ta aura, ɗaya rabin na gwamnati ne. In ta miƙo masa kaya ya karɓa da dama kaɗai, sai ta ce a gaishe da na hagun, Allah ya ƙara masa girma.

To, ana nan sai shekarunsa suka kai na ritaya. Aka sanar da shi cewa ƙarshen zangon karatu zai ajiye aiki. Iya ta ji daɗi, har ta sayo sabulu mai ƙamshin lemo ta ajiye a kan taga tana jiran ranar. Shi kuwa Baba abin da ya tsaya masa a rai ɗaya ne: wa zai ciyar da mutanensa? In ba a samu wani hannu ba kafin zango ya ƙare, za su daina ƙwai, su zube a ƙasan akwati kamar wancan karon, zuriyar da ya raina tun yana da ƙarfinsa ta ƙare a kan idonsa.

Ya kai wa Farfesa maganar, Farfesa ya ce za a duba. Hankalinsa na kan man shafawarsa.

Wannan man na korar sauro shi ne abin alfaharin sashen. Farfesa ya haɗa shi daga ɓawon wani icce, fari ne mai yauƙi, warinsa kamar na jiƙaƙƙen takalmi. Yadda ake gwada shi kuwa tsari ne mai kyau, ba wanda ya taɓa kushe shi. A shafa wa ɗalibi man a hannu, ya zura a akwati, a tsaya da agogo. Ko ɗaya ba ya sauka a kansa. Sannan a kawo hannun da ba a shafa wa komai ba don a kwatanta, kuma tun da Baba yana zaune a wurin da hannunsa a wanke, nasa ake sawa. Sai su rufe shi. A rubuta: mai man babu cizo, marar man cizo ba iyaka. Ɗalibai da yawa sun samu digiri a kan wannan, wasunsu yanzu su ma malamai ne a wasu wurare suna koyar da shi. Farfesa ya yi tafiye-tafiye da hoton hannuwan nan biyu, ana tafa masa.

Baba ya fi kowa yarda da man. Ya taɓa roƙon kwalba ɗaya ya kai wa Iya, domin ita irin mutanen nan ce da sauro ke tsallake mutum goma ya same su. Ta shafa ta kwanta, ta tashi fuska duk ƙuraje. Baba ya ce ba ta shafa daidai ba ne, daga sama ake yo ƙasa. Ta shafa daga sama ta yo ƙasa, aka cije ta har a fatar ido. Da ya gaya wa Farfesa, Farfesa ya ce sauron gida ba abin dogaro ba ne a kimiyya, ba a san asalinsa ba, ba a san shekarunsa ba. Iya da ta ji haka ta ce gaskiya ne, nasu na gida ba su yi makaranta ba, ba wanda ya gaya musu man yana aiki.

Da Baba ya ga Farfesa ba shi da niyyar duba komai, sai ya shiga neman magaji da kansa. Ya fara da mai gadin ƙofa, ƙato mai jini a jika. Ya lallashe shi da shayi, ya wanke masa hannu, ya zura a akwati. Sauro suka zauna a jikin raga kamar masu jiran mota. Ɗaya ya taso ya zagaya hannun, ya koma inda yake. Ya kawo direban sashe, haka. Ya kawo mai buga takardu, ta rufe ido tana addu'a, ta buɗe ta ga ba abin da ya taɓa ta, har ta ɗan ji haushi ta ce ita me jininta ya yi. Baba ya yi tunani ya gano dalili: duk sun taɓa mariƙin ƙofa, ɗalibai kuma suna taɓa shi da man a hannu. Ya wanke mariƙin, ya dawo da mai gadi, ya buɗe masa ƙofar da kansa. Ba su ci ba.

Ya je ya shaida wa Farfesa cikin damuwa. Farfesa ya miƙe tsaye don murna. Ya ce wannan ya nuna man ya fi ƙarfin yadda ake zato, tururinsa kaɗai da ke yawo a baranda ya isa ya kare mutum. Nan take ya ba wani ɗalibi wannan a matsayin abin da zai yi bincike a kai.

A zangon ne aka kawo wata sabuwar malama, matashiya mai tabarau, wadda ba a jima ba ɗalibai suka sa mata Dakta Me-ya-sa, don ko gaishe ta ka yi sai ka ji kamar za ta tambaye ka dalili. Ita ce kaɗai ke shigowa ɗakin sauro ta zauna ba don tana son komai ba. Wata safiya ta tarar da Baba ya zura hannu ya yi tagumi da ɗayan, ta tambaye shi lafiya. Ya ba ta labarin mai gadi da direba da mariƙin ƙofa. Ta kalli akwatin.

"Baba, in ana gwajin man, hannun wa ake sawa wanda ba a shafa wa ba?"

"Nawa, 'yata."

"Kullum?"

"To wa zai yarda in ba ni ba?"

"An taɓa shafa maka man a naka?"

Baba ya ce Allah ya kiyaye, ai hannun sashe ne, ko sabulu ba ya taɓa shi.

Ta aika aka kira Farfesa, ya zo da kofin shayinsa. Ta naɗe hannun farar rigarta, ta zura hannunta haka nan ba man, a akwatin da ba a ciyar ba. Ba wanda ya kula ta. Farfesa ya ce tururi ne. Ba ta yi musu ba, ta ɗauko kwalbar man, ta nemi izinin Baba, ta lafta masa a hannun hagu har yana ɗiga. Baba ya kau da kai, don a ganinsa yau mutanensa za su guje shi a gaban baƙi. Ya zura. Suka taso gaba ɗaya suka rufe hannun, wasu har suna zamewa a kan man suna sake hawa.

Abin da ya faru, kamar yadda Dakta ta yi bayani a hankali, shi ne shekara da shekaru duk sauron da bai son jinin Baba bai yi ƙwai ba, wanda ke so shi ya haihu, 'ya'yansa suka haihu. Yanzu duk ɗakin babu mai sanin wani abinci a duniya sai mutum ɗaya. Man bai taɓa korar komai ba.

Farfesa ya nemi wurin zama, babu sai kujerar Baba, Baba kuwa yana kai da hannu a akwati. Sai ya zauna a kan bokitin da aka kife. Shayin ya huce a hannunsa. Shi Baba bai san abin da zai ji ba. Ya ji tausayin Farfesa, ya ji kunyar Iya da fatar idonta. Amma can ƙasan ransa wani abu ya yi masa daɗi, har ya sunkuyar da kai kada a gani. Ashe ba yunwa ce kawai ke kawo su ba.

Aka kira taron sashe. Karo na farko aka ba Baba kujera mai hannu a ɗakin taro, ya zauna a bakin-bakinta. Wani malami ya ce a yi shiru da maganar, tun da ba wanda ya mutu. Wani ya ce digirinsa a kan man ne, yana so a gaya masa ko har yanzu shi dakta ne, don an riga an rubuta a ƙofarsa. Dakta Me-ya-sa ta ce a rubuta gaskiya a aika wa duk inda aka buga sakamakon, su kuma sauron tun da ba su da amfani a gwaji, a sa su a firiza sanyi ya kashe su, kamar yadda aka saba yi da ƙwarin da aka gama da su. Da Baba ya ji firiza sai ya riƙe hannun kujera.

Farfesa ya miƙe da fuska a sake. Ya ce duk ba su ga abin da ke gabansu ba. Sashen ya samar da sauron da ba ya cizon kowa sai mutum ɗaya, abin da ba a taɓa yi ba. A hayayyafa su da yawa a sake su cikin gari, su auri na gari, a hankali duk sauron garin ya koma cizon mutum ɗaya, kowa ya yi barci lafiya. Abin da ake bukata kawai a ɗage ritayar Baba, a ƙara masa matsayi, a ba shi ofis mai fanka. Dakta ta ce abin ba haka yake aiki ba, aka ce ta bari a gama jin shugaba. Aka juyo ga Baba. Ya tambaya ko in an yi haka ba za a sa su a firiza ba. Aka ce ba za a sa ba. Ya ce to zai yi shawara da gida.

Washegari Iya ta zo da kanta. Shekara ashirin da wani abu mijinta na aiki a wurin, ba ta taɓa taka barandar ba. Ta gaida Farfesa da ladabi, ta zauna, ta ɗora jaka a cinya.

"Ranka ya daɗe, sauron garin nan duka, in sun tashi neman Malam, ina za su same shi?"

Farfesa ya ce duk inda yake.

"Da dare fa?"

Ya ce a gida, mai yiwuwa.

"A ɗakina ke nan. Su zo su cika min ɗaki da kuka, ko ruwa na ɗauko su faɗa ciki. In ya rasu kuma, su bi mu har makabarta, ko su dawo kan masu zaman makoki?"

Farfesa ya ce wannan sashe na binciken ba a kai gare shi ba tukuna. Iya ta ce to a bari sai an kai, ita dai ta sayi sabulu. Ta yi sallama ta fita, a hanya ta tsaya ta murɗa famfon barandar da ƙarfi, bai rufu ba.

Haka maganar sakin sauro ta mutu, aka koma kan firiza, aka sa ranar ƙarshen aikin Baba. A kwanakin da suka rage ya ci gaba da ciyar da su kamar ba abin da ya faru, sai dai ya daina kunna rediyo. Dakta ta ce za ta yi aikin da kanta don kada ya gani. Ya ce a'a, shi ya raine su, shi zai kai su.

Ranar ya haɗa su a akwati ɗaya, ya bari suka sha har suka ƙoshi, ya lulluɓe su da tawul ɗin nan na tafiya, ya rungumo su zuwa ɗakin ajiya, Dakta na biye da shi. Ta ɗaga murfin firizar. A cike take maƙil da kwalaben man Farfesa, an jera su har baki, ko allura ba za ta shiga ba. Aka je aka tambayi Farfesa ko a fitar da wasu. Ya ce kayan bincike ne, ba mai taɓa su sai da izinin kwamiti. Aka tambaya wane kwamiti. Ya ce za a kafa, zai zauna zango mai zuwa. Baba na tsaye a ƙofar ofis da akwati a ƙirji, Dakta ta tambaya to kafin nan ina za a ajiye waɗannan, tun da daga gobe ba mai ciyar da su. Farfesa bai ɗago daga takardunsa ba.

"Baba, tafi da su gida mana, na yau kawai."

Ya ɗaure akwatin a bayan keke, ya tura shi da ƙafa har gida don kada gargada ta dame su. Iya na ganin tawul ta gane. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ko shi ko su, in ya ga dama su duka su kwana a waje. Baba ya jingine keken. Ya sauke akwatin a dakali, ya kwance bakin hannun rigar, ya ce ta sa hannu sau ɗaya, in ko ɗaya ya taɓa ta shi da kansa zai kai su bola. Ta ce ya mai da ita mai gadi ke nan. Amma ta sa, tana yamutsa fuska tana jiran zafi.

Ba abin da ya taɓa ta. Ta juya hannun, ta buɗe tafin, ta kai shi har kusa da inda suka taru. Suka matsa suka ba ta wuri. Matar da tun tana yarinya sauro bai taɓa ganinta ya wuce ba, ta daɗe a tsaye da hannu a cikin ɗaruruwansu, har abincin da ta ɗora ya fara kamawa.

"Waɗannan suna da tarbiyya," in ji ta. Ta ce a sa su a lungun falo, nesa da taga, kada na unguwa su lalata su.

Suna nan har yanzu, kwamitin bai zauna ba. In maƙwabta sun shigo Iya kan sa su zura hannu su gani, tana tsaye tana bayani kamar ita ta yi binciken. Sabulun lemon da dama kaɗai Baba ke wanka da shi. Sauran man da ke kwalbar nan ta Iya kuwa ya yi amfani a ƙarshe, da shi ake shafe sarƙar keke, kuma ba ta ƙara yin ƙara ba. Dakta kan leƙo wani lokaci ta kawo abincin kifi. Abin da bai bar ran Baba ba shi ne maganar magaji, domin ya san hannun nan ba zai dawwama ba.

Ana haka babbar 'yarsa ta zo ganin gida. Iya ta ja ta lungun falo ta ce ta sa hannu ta ga ikon Allah. Ta sa tana dariya. Suka zauna a jikin raga kamar yadda suka saba yi wa baƙi. Can sai ɗaya ya taso, ya zagaya, ya sake zagayawa, ya sauka a wuyan hannunta. Ta ce wash, ta zaro hannun da shi a manne, cikinsa ya fara ja.

Baba ya miƙe daga tabarma. Ya matso a hankali da hannu biyu a buɗe, yana cewa kada ta motsa, kada kowa ya motsa, a bar shi ya gama.

Iya ta kai wa wuyan hannun tafi ɗaya. Ta duba tafinta, ta goge a gefen zane.

"Mutum ɗaya ya isa a gidan nan," ta ce. Ta ɗaure bakin hannun rigar da kanta, ƙulli biyu, ta ce su taso abinci na hucewa.